Tsadar Sallama

Katangar da ta raba gidan nan biyu kun tashi kun same ta, kuma kowannenku ya ji labarinta daga bakin da ba nawa ba. Akwai mai cewa na karɓi kuɗin aiki na cinye ban gaya wa Bappanku Ummaru ba. Akwai mai cewa hassada ce, don shi ake kira da suna daga Gummi har Anka, ni kuwa ƙanen Ummaru ake ce mini har na yi furfura. Ban tanka ko ɗaya ba yana raye, domin tankawar sai na faɗi abin da shi bai so a faɗa. Yanzu ya riga mu, ni ma gwiwa ta fara yi mini gardama, shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda abin ya kasance. Idan za ku ji haushina, ku ji shi a kan abin da na yi, ba a kan abin da aka ƙaga ba.

Sarar itace muka gada. Kakanku da gatari da barandami ya ciyar da mu: ya rage wa mutane rassan da suka hau rufin ɗaki, ya kayar da bishiyar da ta tsufa, da rani kuma ya sassabe wa Fulani gawo don shanu. Tun muna samari ya raba mana aiki, kuma rabon bai canja ba har ya rasu. Ummaru na sama, ni ina ƙasa. Shi siriri ne, ƙafarsa kamar tana da manne, yana kan reshe yana hira da matan gida ta saman katanga. Ni kuwa tun ranar da aka ɗora ni kan wata ɗorawa na rungume ta na ƙi motsi sai da aka sauko da ni, aka san inda na dosa. Aka ba ni igiya, aka ba ni baki. Ni ke riƙe igiyar da ake zuro reshe da ita, ni ke zuwa in duba aiki in yanka kuɗi. Ummaru bai taɓa tambayar nawa na ce ba. Idan na dawo sai ya ce yaushe ne, in ce jibi, ya tashi ya wasa gatari.

Mutane suna zaton girman bishiya ake saya wa kuɗi. Ba haka ba ne. Abin da ke ƙarƙashinta ake dubawa. Ƙatuwar tsamiya a tsakiyar gona aikin safiya ne, ka sare ta faɗi inda ta ga dama. Ƙaramin darbejiya da ya rataya kan rumbu, ko rijiya, ko wayar lantarki, sai an sauko da shi gunduwa-gunduwa da igiya, wannan shi ne mai tsada. Sai ka duba ko akwai zuma a kogo. Sai ka buga gindin da ƙotar gatari ka saurara, domin itace mai lafiya amsawarsa daban, wanda gara ta cinye cikinsa kuma daban. Sai ka tambaya wa zai kwashe itacen, mu ko mai gida, domin maɗaci idan aka bar mana shi wani lokaci mu ne ma za mu ba da wani abu. Bayan duk wannan sai ka dubi mai gidan kansa, abin da ke jikinsa da abin da ke ɗaure a turkensa. Ban cika lissafi da naira a raina ba, don naira kullum tana zamewa. Da dabba nake aunawa: wannan aikin kaza ne, wannan na ɗan akuya, wannan ya kai tunkiya. Idan na gama sai in juya shi zuwa kuɗin ranar in faɗa.

Dokokin kakanku biyu ne. Ta farko, kuɗi a gindin bishiya ake faɗarsa, gaban mutane, kuma idan mai gida ya ce ya yarda, magana ta ƙare, ko da daga baya ka ga ka faɗi. Ta biyu, gidanmu ba a cewa ba a iyawa. Yana cewa ranar da aka ji mai hawa ya ce bai iya wata bishiya, daga ranar babu mai sake ba shi amanar rufin ɗakinsa. To amma akwai bishiyar da bai kamata ɗan Adam ya hau ba, shi ma ya san da haka. Dabarar ita ce abin da yake kira tsadar sallama. Ka zagaya bishiyar, ka buga ta, ka ɗaga kai ka daɗe kana kallo, sannan ka faɗi kuɗin da ka san ko mai gida ya sayar da jakinsa ba zai kai ba. Shi kuma ya gane. Sai ya yi dariya ya ce Allah ya hore, a kawo maka ruwa ka sha, ku rabu da mutunci. Kai ba ka ce ba ka iyawa ba, shi bai ce ba shi da shi ba. Duk ƙauyukan nan an san wannan, kuma ban taɓa ganin ta ba da kunya ba sai sau ɗaya.

Bayan rasuwar kakanku muka sayi injin sara, irin mai sarƙa da ake ja da igiya ya tashi. Aiki ya ƙaru, sunan Ummaru ya ƙara nisa. Sai dai injin yana da nauyi, kuma yana girgiza hannu tun daga yatsu har kafaɗa. Shekaru suna tafiya, Ummaru ya haura hamsin yana hawa da shi a rataye. Wanda ke riƙe igiya yana jin abin da masu kallo ba sa gani. Wata rana a Gummi, kan wani darbejiya da bai kai ya kawo ba, na ji igiya ta yi shiru a hannuna. Na ɗaga kai na gan shi ya kifa goshi a jikin reshe, ido rufe, hannun damansa yana reto kamar ba nasa ba. Bai daɗe ba ya ɗago ya ci gaba. Da ya sauko na ce lafiya, ya ce tururuwa ce ta shige masa riga. Ba a jima ba uwarku ta gaya mini abin da matarsa Hure ta gaya mata, cewa da safe kofin koko yana suɓuce masa, kuma ya hana a faɗa.

Ban yi masa maganar ba. Wanda ya san Ummaru ya san dalili. Abin da na yi shi ne na fara rabon tsadar sallama fiye da yadda kakanku ya taɓa yi. Duk aikin da ya wuce tsayin soro biyu, ko yake da ruɓa, sai in tsawwala. Muka koma ƙananan ayyuka da kayar da na fili. Abin da ke shigowa ya ragu, ya ce mutane sun yi rowa bana, na ce ai kuwa.

A shekarar ne zinariya ta fara tashi a ƙasar Anka. Samarin da muka sani suna tallar rake suka fara dawowa da babura sababbi. Cikin waɗanda abin ya karɓa akwai wani Labbo, ɗan wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum ta wajen Gwashi, wanda cikin ɗan lokaci ya zama Alhaji Labbo. Ya rushe gidan ubansa ya gina na siminti da rufin kwano mai sheƙi, kuma ya gina shi a ƙarƙashin wani tsohon maɗaci da ya girmi kowa a garin. Da iskar farkon damina ta jefo reshe ta lotsa masa kwano, sai ya aiko a kira mutanen Ummaru. Ranar Ummaru ya tafi Gummi gyaran sarƙar inji, na hau keke na tafi ni kaɗai kamar kullum.

Tun daga nesa na san ba aikinmu ba ne. Maɗacin ya karkata kan sabon ginin. Bayansa rumbunan maƙwabta, gefe guda rijiyar unguwa, babu inda za a kayar da shi gaba ɗaya. Sai dai a hau can ƙololuwa a fara saukowa da shi. Na buga gindin, ya amsa mini kamar ganga. Na zura sanda a wani kogo, ta shige har ta ƙare ban taɓa komai ba sai garin gara. Mutane sun taru, Alhaji Labbo yana zaune kan babur ɗinsa yana kaɗa makulli. Na yi zagayen da aka saba, na ɗaga kai na daɗe, sannan na faɗi kuɗin bijimai biyu na huɗa. Ban taɓa faɗar irin wannan kuɗi a gindin bishiya ba. Wani tsoho da ke kusa da ni har ya fara murmushin da aka saba, yana jiran a ce Allah ya hore.

"Na yarda," in ji Alhaji Labbo.

Na ce, "Alhaji, ko ba ka ji abin da nac ce ba?"

"Na ji ka sarai. Yaushe za ku zaka?"

Ya sa hannu a aljihu ya zaro dami, ya raba shi biyu ba tare da ya ƙirga ba, ya danƙa mini rabi a matsayin kafin alƙalami. Har yau ban san ko bai gane abin da nake nufi ba ne, ko ya gane sarai yana so garin ya ga cewa shi ya wuce a sallame shi da tsada. Ɗan garin ne, ubansa ya san kakanku. Abin da na sani shi ne hannuna ya karɓa, domin hannun bai san wani abu ba sai karɓa idan an ce an yarda. Na hau keke da kuɗin a ƙirjina, ban ji daɗin ko taku ɗaya na hanyar ba. Tsoro na ji, irin wanda ban ji ba tun ranar ɗorawa.

Na isa gida Ummaru bai dawo ba. Na wuce ɗakin Inna, kakarku, wadda a lokacin ido ya yi rauni amma kunne da baki suna nan daram. Tana tsinkar zogale a faranti. Na zauna na gaya mata duka, har da abin da na gani a Gummi. Ba ta daina tsinka ba.

"Ubanku bai taɓa mai da kuɗɗi ba," ta ce.

"Na sani, Inna."

"In ka hwaɗa ma Ummaru, hawa za shi yi."

"Shi ma na sani."

"In ka mai da, sai an tambaye ka dalili. Mi za ka ce?"

Uwarku tana bakin ƙofa da tsintsiya, ta ce a ce inji ya lalace mana. Inna ta ce wanda ya ba da kuɗin bijimi biyu a kan icce zai sayo inji sabo ya aiko da shi kafin Juma'a. Hure ta shigo, ta ji ƙarshen zancen, ta tsaya ta dube ni kawai. Kallonta ne ya fi tsaya mini. Na ce wa Inna ta zaɓa mini. Ta ture farantin gefe.

"Ni ba ni zaɓa maka. Bakin gidan ga kai anka ba. Ni dai na san ɗiya tara na haihwa, ku biyu kunka saura."

Washegari tun kafin Ummaru ya fito daga masallaci na hau keke na koma. Na so in sami Alhaji Labbo shi kaɗai, amma mai sabon kuɗi ba ya zama shi kaɗai. Zaurensa cike yake da masu gaisuwa da masu jiran a ba su. Na durƙusa na ajiye kuɗin a gabansa yadda ya ba ni.

"Ƙari kaka so?"

"A'a, Alhaji."

"To mi ne ne?"

"Iccen ga ruɓaɓɓe na. Cikinai babu komi."

"Shi ya sa nak kira Ummaru ban kira wani ba. Ba shi as sare na kasuwar shanu ba, wanda wuta tac cinye ma ciki? Ka hwaɗi kuɗɗi gaban jama'a, na yarda gaban jama'a. In akwai wata magana, hwaɗe ta gaban jama'a."

Gaskiyarsa ce, kuma ban ga laifinsa ba ko a ranar. Na duba ko akwai wata ƙofa, babu. Sai na faɗi kalmar da ba a taɓa faɗa da sunan gidanmu ba.

"Ba mu iyawa, Alhaji."

Wani daga baya ya ce, "Ummarun?" Na yi sallama na fita. Kowa ya san ba ni ke hawa ba, saboda haka kowa ya san wanda ake nufi. Kafin in kai gida maganar ta riga ni, domin babur ya fi keke sauri.

Na same shi a tsakar gida yana zaune kan turmi, injin a gabansa, ya sa masa sabuwar sarƙa. Bai ɗaga murya ba. Ummaru bai iya faɗa ba, shi ya sa fushinsa ke daɗewa.

"An ce ka je Bukkuyum ka ce ban iyawa."

"Na ce ba mu iyawa, Yaya."

"Kai da wa? Yaushe ka taɓa hawa?"

Na ce masa bishiyar ganga ce. Ya ce na kai shi ya gani? Na ce a'a. Ya ce tun yaushe nake yanke masa abin da zai iya da wanda ba zai iya ba? Nan ma da na yi shiru da ya fi, amma na ce tun ranar darbejiyar Gummi. Ya dubi hannunsa na dama, ya dubi ƙofar ɗakin Hure, ya dube ni. Daga nan ya gane inda rowar mutanen bana ta fito. Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da gatarin kakanku da barandami da tsohuwar igiya, ya ce waɗannan nasa ne. Ya nuna injin da ƙafa ya ce in riƙe, tunda ni ne mai sanin abin da ake iyawa. Bayan kwana kaɗan ya kafa zana a tsakar gida. Da kaka ta yi, ya kira magina suka mai da ita katanga.

Ku sani maɗacin bai kashe kowa ba. Alhaji Labbo ya kira wasu samari daga Gummi masu inji biyu, suka hau suka sauko da shi, reshe ɗaya ya fasa masa kusurwar kwano, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. An yi mini dariya a kasuwa, an yi wa Ummaru wadda ta fi tawa ciwo, wato ta bayan ido. Abin da kakanku ya faɗa ya tabbata. Babu wanda ya sake kiran Ummaru babban aiki. Ya koma sassabe wa Fulani gawo, daga baya ya koma faskare, daga baya gona kawai. Mutumin da yara ke bi a baya idan ya shiga gari ya zama tsoho mai jaki da ɗaurin itace. Ni na ɗauki ma'aikata na ci gaba da inji, na samu abin da na samu, har na yi muku makaranta da shi. Daga nan zancen cin kuɗi ya samo asali, don mutane sun ga ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. Abin da nake aikawa ta hannun uwarku, matarsa Hure tana karɓa, shi kuma yana yin kamar bai san daga ina buhun ya fito ba.

Ba mu yi gaba irin ta ƙin gaisuwa ba. Sahu ɗaya muke sallah, tare muka ɗauki makarar Inna, tare muka aurar da yayyenku. Abu ɗaya ne ya yanke. Tun muna yara kwano ɗaya muke ci a zaure, daga ranar kuwa aka fara fito da kwano biyu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa kafaɗa. Na yi kewarsa ƙwarai, yana zaune kusa da ni. Sau da yawa na auna abin a raina yadda nake auna aiki, ban taɓa samun kuɗin da ya yi daidai ba. Na san dai ya ga auren 'ya'yansa duka da ƙafafunsa biyu, na kuma san abin da na karɓe masa kafin ya gani.

A ciwonsa na ƙarshe hannun daman ya mutu gaba ɗaya. Nakan zagaya ta ƙofar waje in shiga wajensa da hantsi, mu gaisa, in zauna kaɗan in tashi. Wata rana Hure ta kawo masa fura ta fita. Yana jingine da bango, yana juya ludayi da hagu. Bai dube ni ba ya yi magana.

"Wai nawa ka yanka ma mutumen nan?"

A duk shekarun da muka yi aiki tare, ranar ce ya fara tambayata kuɗin aiki. Na ce, "Kuɗɗin bijimi biyu, Yaya."

"Biyu ɗai? Da huɗu kac ce."

"Da ya biya."

Ya yi 'yar dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa sai ya ce, "Na tahi na gane iccen, ai. Kwana biyu bayan nan, ban hwaɗa ma kowa ba. Na buga shi da ƙota."

"Mi kaj ji?"

"Ganga."

Ya ci gaba da juya ludayin.

"Da ka hwaɗa min, da na hau," ya ce.

"Na sani, Yaya."

Bai ce na kyauta ba, bai ce ya yafe ba, ni ma ban nema ba. Ya sa hannun hagu ya turo ƙwaryar furar zuwa tsakaninmu, ya miƙo mini ludayin, na karɓa na sha.